Gyaɗar Malam Haru da Tiya Huɗun Yaya Hajara

Birni, Damagaram.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kin sauka Yamai babu abin da ya dame ki sai gajiyar hanya, ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Amin. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida ita za ta ba ki a waya, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Gara ki sani tun yanzu cewa raina a ɓace yake, kuma yau kwana tara ke nan bai huce ba.

Ana gobe za ki tafi, muna cin abincin rana, ke da yayanki Lawali kuka tayar da gardama a kan jari-hujja da gurguzu. Kika dube shi a gaban matarsa kika ce adaidaita ukun da ya saya ya ba direbobi ba sana'a ba ce, shan jini ne, su suna ƙonewa a rana shi yana inuwa yana jiran a kawo. Shi kuma ya yi dariya ya ce ke ba ki taɓa samar da ko dala ba, burs ɗin, wato tallafin karatu, da za ki ci a jami'a ma harajin irinsa ne, kuma duk wanda aka ga ba shi da komai a ƙasar nan rago ne. Kuka tashi kuka bar abinci. Ni ban ce uffan ba. Wataƙila kun ɗauka tsufa ne ya kama mini baki. Kunya ce. Maganar da kika yi na taɓa yin ta, wadda ya yi ma na taɓa yin ta. Bambancina da ku, ni ban tsaya a baki ba. Na aikata, kuma wasu ne suka sha wahalar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauƙin da maganar ta yi muku a baki, ku da babu wanda ya taɓa kwana da yunwa a cikinku.

Bari in fara da kakanki, wanda ba ki riske shi ba. Badukku ne a nan Birni. A zauren da kike wucewa kullum ba ki ko kallonsa, nan yake aiki da magidanta huɗu, suna ɗinkin jakunkuna da takalma da matasan fata. Ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, aka fara ba mu wasu littattafai a ɓoye, muna kiran juna kamarad. A ciki na karanta cewa abin da ma'aikaci ya samar ya fi abin da ake ba shi, kuma wannan rarar da mai jari ke riƙewa gumin wani ne ya sace. Na ji kamar an buɗe mini ido. Na dawo hutu, na tsaya a ƙofar zaure da wandon kaki, na ce wa mahaifina a gaban mutanensa shi ma azzalumi ne, jakar da ake sayarwa ba shi ya ɗinka ba amma shi ke cin rabo mafi tsoka.

Bai mare ni ba. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ya ajiye basillar da ke hannunsa ya ce, "To Isufu, tunda ka gano, zauna ka raba mana daidai." Na tsaya ina zare ido. Ban san kuɗin kirgi ba, ban san na zare ba, ban san kwana nawa jaka ke yi kafin ta sami mai saye ba. Babban cikin ma'aikatansa, wani dattijo mai furfura, ya ce da ni ba tare da ya ɗaga kai ba, "Da damina wata uku ba a sayen ko takalmi ɗaya. Wa kake tsammani ke auna mana hatsi a lokacin?" Na fita da kunya, amma ban ba da haƙuri ba. Har mahaifina ya rasu ban ba da ba, ina ganin zubar da aƙida ne. Dubi wauta.

Kada ki ɗauka ina ce miki littafin ƙarya ya yi. Wannan dattijon da ya kare mahaifina shekara ashirin da wani abu ya yi yana ɗinki a zaurenmu, ya mutu ba shi da ko ɗaki na kansa, idanunsa sun tafi a kan fatar wani. Mu kuma aka gina mana soro. Tambayata tana da gaskiya a ciki. Laifina shi ne na yanke hukunci kafin in tambaya, kuma na zaɓi in kunyata mutum maimakon in gyara wani abu, don kunyatarwar ita ce ke da daɗi. Ke ma haka kika yi. Direbobin nan uku da kike yi wa kuka, ko sunan ɗaya kin sani? Kin taɓa tsayar da shi kin tambaye shi abin da ke rage masa da yamma, da wanda ke gyara in inji ya lalace, da abin da yake so a canza? Ba ki taɓa ba. Kin yi amfani da su ne kawai kin jefi yayanki. Ki kira shi ki ba shi haƙuri a kan zagin, ki riƙe tambayar. Shi kuwa nasa yana nan tafe, baki da baki. Na san ɗaya daga cikin direbobinsa ya kwanta mako biyu da zazzaɓi, bai aika masa da ko tiyar hatsi ba, ya karɓe mabuɗi ya ba wani. Mai yin haka ba shi da bakin kiran kowa rago a gidana.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Da na zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Zermu. Lokacin ana ta kafa kwaperatif na manoma, kuma da yake ni ne mai karatu a garin, aka ba ni sakatare, aka ba ni mabuɗin magaza, ɗakin ajiyar kaya. Tsarin a takarda yana da kyau, har yau in na tuna shi ina ganin kyansa. Kowa ya kawo gyaɗarsa wuri ɗaya, a auna da sikeli na gaskiya, kamyon, babbar motar kamfanin gwamnati, ya zo ya kwashe a farashi mai kyau, a huta da 'yan kasuwar da ke zuwa da kaka suna saye a wulaƙance. Kuma suna cuta, kada wani ya gaya miki ba sa yi. Na ga mudunsu da idona, na saye daban, na sayarwa daban.

Shekarar gyaɗa ta yi kyau. Na tara mutane a gindin bishiya, wani jami'i daga buro, ofishin gwamnati, yana zaune a kujera kusa da ni, na yi ta zuba har rana ta take. Da aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Wa zai ƙi a gaban mushe da mutumin gwamnati? Ni kuwa na rubuta cewa jama'a ta yanke shawara. Aka cika magaza, na kulle, na jefa mabuɗi a aljihu.

Bayan mako biyu wani Alhaji ya zo daga birni da kamyonsa da kuɗi a hannu. Farashinsa bai kai na gwamnati ba, amma nan take yake biya. Akwai wani manomi, Malam Haru, mutum mai sanyin magana, wanda ya fi kowa yawan buhuna a magazar. Shekara uku yana burin sayen bijimi da amalanke. Ya same ni a bakin aji ya ce, "Mushe, a ba ni nawa in sayar. Na gode da tsarin, amma ni wanda na gani da idona nake so."

Na ce ba nasa ba ne yanzu, na jama'a ne.

Ya ce, "Jama'a ba ta taya ni noma ba, Mushe. Ni da iyalina muka duƙa."

Na ce masa irinsa ne ke sa talaka ba ya ci gaba, son kai ya rufe masa ido, shi ne ƙofar da 'yan jari-hujja ke bi su shigo. Da ya nace, na ce in ya ƙara zuwa zan kai sunansa wurin jandarma. Mutumin da ya girme ni da shekara ashirin. Ya juya ya tafi. Alhaji ya cika kamyonsa a ƙauyen gaba ya wuce.

Kamyon gwamnati bai zo ba. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Na hau mobilet, ɗan babur ɗina, na zo birni ya fi sau goma. Yau a ce babu mai, gobe a ce takarda ba ta iso daga Yamai ba, jibi a ce direktan ya yi tafiya. Kin san wanda ke zaune a bayan tebur a buron? Kamarad ɗina ne na lise, wanda ya fi mu duka iya jawabi a kan haƙƙin manomi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya ce in yi haƙuri, gyaran al'umma ba ya yiwuwa rana ɗaya. Ina fitowa na ga kamyon da muke jira ya wuce da yashi. Na bi shi a kan mobilet har inda ya juye, a gidan da wani babba ke ginawa. Allah ya isa. Har yau ban manta da ruwan sanyin nan ba.

Amma kada in ɗora wa buro komai in wanke kaina. Kwanon magazar yana yoyo, kowa a garin ya sani, ni ma na sani. Da bazara ta yi kowane magidanci ya hau rumbunsa ya gyara, babu wanda ya hau magaza. Me zai kai shi? An ce masa ba tasa ba ce. Ni kuma ina jiran buro ya aiko da kwano. Ruwan farko ya zo da wuri, da ƙarfi. Ranar da na buɗe ƙofa, warin ne ya fara tura ni baya. Buhunan ƙasa sun yi baƙi da funfuna, na sama ƙwari sun mayar da su gari. Alhajin nan ya dawo ya kwashe abin da ya rage a kuɗin dusa, yana yi mana jaje.

Malam Haru ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon noman shekararsa. Na shirya wa zagi, har ma da duka. Sai ya juyo ya ce, "Mushe, albashinka yana cikin buhunan nan?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ƙarshen wata za a ba ka?"

Na ce e.

Ya ce, "To." Ya kama hanyar gida. Bai yi noma a daminar nan ba, don har irin shukarsa yana ciki. Ya tafi kudu cin rani, ya zama mai turin ruwa a wani gari, bai sake dawowa da zama ba. Gonarsa wani ya saye ta. Ni aka canza mini lakwal, albashina bai yi ko kwana ɗaya na latti ba.

Don haka ki ji ni da kyau. A jami'a za ki haɗu da masu baki, za su zana miki yadda za a gyara ƙasar nan a kan allo, kuma wasunsu da zuciya ɗaya suke, kamar yadda nake a lokacin. Duk wanda ya kawo miki tsari, na gurguzu ne ko na kasuwa, ki tambaye shi abu ɗaya: in bai yi ba, kai me za ka rasa? In ya fara kame-kame, ki tashi. Kuma kada ki taɓa yarda a ba ki mabuɗin abincin wani don kin fi shi karatu. In tsarinki yana da kyau, ki bar ƙofa a buɗe, wanda ya gamsu ya shigo, wanda bai gamsu ba ya ɗauki nasa. Mutanen ƙauyen nan ba su jira ni na koya musu haɗin kai ba. Tun kafin a haife ni suke gayya, su taru su nome gonar maras lafiya, ba sakatare, ba kwaɗo a ƙofa. Ni na zo da littafi na ɓata musu, har suka shekara suna tsoron duk abin da aka ce na taro ne.

Da a nan na tsaya, da na ce ƙuruciya ce. Abin da na yi daga baya da hankalina na yi shi, ina da mata da 'ya'ya, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Innarki ta san an yi saɓani, ba ta san yadda aka yi ba.

Haushin abin da ya faru ya sa na juya baki ɗaya. Na ajiye alli na shiga sayen hatsi. Na koma cewa kasuwa ita ce mai gaskiya, ba ta jawabi, ba ta sa ka jira direkta. Na iya hujjojin kamar yadda na iya na farko. In babu mai saye da kaka ya ajiye, wa zai fito da hatsi da bazara? In farashi bai tashi ba, me zai sa ɗan kasuwa ya ɗauko kaya daga nesa ya kawo inda babu? Wanda ya sa kuɗinsa shi ke hawa ya gyara rufi, ba ya jiran kowa. Duk wannan gaskiya ne, Uwani, na gwada na gani. Magazata ba ta taɓa yoyo ba. Da wannan sana'a na gina ɗakin da aka haife ki.

Sai aka yi shekarar da damina ta ƙi. Ke ba ki fi wata shida a duniya ba. Ni na riga na saya tun kakar da ta gabata, magazata cike har rufi. Farashi yana hawa duk mako, ni kuma na kulle ina jira, ina fitar da kaɗan kaɗan. A ƙauyuka an koma cin anza da ganye.

Kin san ina da yaya, Hajara, wadda ta yi aure a Gaffati. Kin san sunanta kawai, ba ki taɓa ganin ta a gidanmu ba, kuma ba ki taɓa tambayar dalili ba. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta. Da ƙuli-ƙulin da take soyawa ta saya mini kakin da na sa na shiga lise. Wata safiya da hantsi sai ga ta a bakin shagona, ta sauko daga amalanken wani, ta rame har sai da na sake dubawa. Na ba ta tabarma, ta ƙi zama.

Ta ce, "Isufu, ba roƙo na zo ba. Mutanen unguwarmu sun ce ƙanena yana da hatsi. Ka buɗe ka sayar musu a farashin watan jiya. Ba ka faɗi ba, ka ci riba. Sun sayar da awakinsu, abin da ke hannunsu bai kai na yau ba."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na hau yi mata karatu. Na ce ba ni ke sa farashi ba, kasuwa ce. Na ce in na karya, wasu 'yan kasuwa ne za su saye su ɓoye. Na ce tsadar ita ce za ta jawo hatsi daga kudu. Tana tsaye tana kallona kamar ba ta san ni ba. Da na gama, na rage murya na ce zan sa a kai mata buhu ɗaya kyauta, nata ita da gidanta, amma kada kowa ya ji.

Ta ce, "In dafa a ɓoye? 'Ya'yan maƙwabta su ji ƙarar turmi su zo su tsaya, in ce musu me?"

Na ce to ba ni da yadda zan yi da garin Gaffati duka.

Sai ta kwance haɓar zaninta ta fito da 'yan kuɗin da ke ciki, ta ajiye a kan sikeli. Ta ce, "Auna mini na wannan, a farashinka na yau." Tiya huɗu ya kama. Na auna. Kuma na karɓi kuɗin, Uwani. Na sa hannu na ɗauka na jefa a aljihu. Na gaya wa kaina fushi take, in na mayar za ta ƙara hawa, gobe na aika mata da buhun. Wannan duk ƙarya ce da na shirya daga baya. Gaskiyar ita ce hannuna ya saba karɓa, ya karɓa. Ta ɗora ƙullin a kai ta tafi ba sallama. Buhun da na aika bayan kwana biyu, a ƙofar gida ta sa aka kwance shi aka raba wa unguwa, ba ta shigar da ko tsaba ba.

A wannan daminar 'yarta Balki ta rasa ɗanta na fari, ɗan shekara biyu. An ce zawo ne. Ba zan ce yunwa kaɗai ta kashe shi ba, ban kuma isa in ce ba ta da hannu ba. Na je gaisuwa, Yaya Hajara ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowane baƙo. Mako shida bayan zuwanta na buɗe magaza na sayar a farashin da ban taɓa mafarki ba. Hatsin kudu ya iso kamar yadda na faɗa, lissafina bai kuskure ba. Ya iso ne bayan an binne waɗanda ba su iya jira ba. Wannan shi ne abin da masu yabon kasuwa ba sa faɗa: tana gyara kanta, amma ba ta san wanda ba shi da abin saye ba, ko a ƙofarta ya faɗi ba ta ganin sa.

Yayata ba ta sake taka gidana ba. Shekara goma sha biyar muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, tana ce mini "sannu Alhaji". Ba ta sake kiran sunana ba. Duk kaka ina aika buhu, duk kaka ana rabawa a ƙofar gida. Sau nawa na yi niyyar in je in durƙusa in ce na yi laifi, sai in ce bari in ƙara aikawa da wani abu tukuna. Na ɗauka ana biyan irin wannan da buhu. Da ta rasu na je da likkafani, Balki ta fito ta ce, "Kawu, mun riga mun saya. Na gode." Na dawo da shi a ƙarƙashin hammata.

Yanzu kin ga wanda ya yi shiru a wurin cin abinci. Sau biyu ina tsaye da mabuɗi a aljihu, mai haƙƙi yana waje, ni ina yi masa bayani. Na farko na ce don jama'a, na biyu na ce don kasuwa. Duka biyun bakina cike da hujja, kuma duka biyun ban rasa komai ba. Shi ya sa in na ji manya a rediyo suna rantsuwa da talaka, ko na ji masu kuɗi suna cewa a bar kowa da ƙoƙarinsa, nake kashewa. Na san muryar, tawa ce.

Ba ina ce miki duk ɗaya ba ne, ki naɗe hannu. Wannan ma lalaci ne. In kin tambaye ni inda na tsaya yau, lakwal da asibiti da ruwan sha ba abin da za a bar wa mai neman riba ba ne. Ba don lakwal ta kyauta ba, da ni da ke babu mai riƙe alƙalami, kuma Lawali da ke gorin haraji a kan bencin gwamnati ya koyi ƙidaya. Gyaɗar manomi kuwa da fatar badukku, kada a bar su a hannun mai zama a buro. Shekarar yunwa kuma, duk mai magaza a buɗe masa ita ko yana so ko ba ya so, da an yi mini haka da an taimake ni. Wannan ra'ayina ne, na tsoho mai laifi, kina iya rushe shi in kin yi karatu. Amma ki yi karatun. Ki karanta littafin waɗanda kike ƙi da irin natsuwar da kike karanta na waɗanda kike so, har ki iya faɗin hujjarsu su ce e, haka muke nufi. Kafin nan ba gardama kike ba, ihu kike. Kuma duk ranar da kika ji hujjarki ta yi daɗi a baki alhali wanda ke gabanki yana jin yunwa, ki rufe bakin.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ba shawara ba, roƙo ne. Balki tana nan Yamai, tana sayar da abinci kusa da tashar da motocin Damagaram ke sauke mutane. Duk ɗan garinmu da kika tambaya zai nuna miki. Ki je wurinta da rana, ki gaishe ta da Yaya, don yayarki ce. Kada ki riƙe mata komai, ko sabulu, gidanmu ya aika kaya ya isa. Ki gaya mata ke 'yar wane ce. Ki ce na rubuta miki da hannuna abin da na yi wa mahaifiyarta a bakin shago, ban rage ba, har da kuɗin da na karɓa. Ki ce ban aiko ki neman yafiya ba, wannan ni zan zo da ƙafata in nema in ta yarda in zo. In ta kore ki, kada ki yi fushi, tana da gaskiya. Ki bar mako biyu ki koma. In ta ba ki wuri, ki zauna ki saurara, kada ki yi mata bayanin komai. Duk abin da ta ce game da ni, ki rubuto mini shi yadda ta faɗa, kada ki tausasa.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin bakinki. Ya ba ki ilimi mai amfani, ya haɗa ki da abokan kirki, ya kare mutuncinki a garin da ba naki ba. Ya sa kada wani ya taɓa kwana da yunwa ta dalilinki. Ya jiƙan kakanki, ya jiƙan Yaya Hajara da jikanta, ya sa Malam Haru yana cikin rufin asiri in yana raye. Ya dawo mini da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci.

Ina jiran amsar Balki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu.